Yadda ake auna ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'a bayan ta sha da ƙyar

Ranar Asabar 1 ga Oktoba, 2022, ƙungiyar Jami'ar Jojiya ta je baƙunci garin Kolombiya na jihar Mizuri tana riƙe da kambun ƙasa, tana kuma saman jadawalin da kamfanin dillancin labarai na AP ke fitarwa duk mako. Kowa ya ɗauka cin tuwo za ta je yi. Sai ga shi a farkon zango na huɗu Mizuri ce a gaba da maki 22 da 12. Da ƙyar da jiɓin goshi aka tashi 26 da 22, Jojiya ta tsira. Washegari masu ƙuri'ar AP suka sauko da ita mataki na biyu, suka ɗora Alabama a kanta.

A wannan kakar dai akwai TCU, wata jami'a a birnin Fort Worth na Teksas, wadda ta mayar da sha da ƙyar sana'a: 43 da 40 a kan Oklahoma State bayan ƙarin lokaci sau biyu, 29 da 28 a gidan Baylor, 51 da 45 a kan Mishigan. Jojiya da TCU ne suka haɗu a wasan ƙarshe ranar 9 ga Janairu, 2023. Jojiya ta casa TCU 65 da 7.

A allon maki, ratar maki huɗu da ta maki shida duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Amma kama da wane ba ta wane. Aikin mai nazari bayan irin wannan nasara shi ne ya raba abin da ƙungiya ta yi da ƙarfinta, wanda za ta iya maimaitawa Asabar mai zuwa, da abin da rabo ya jefo mata.

Ga wanda ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani, wasan nan ɗan uwan zari-ruga ne. Filin yadi 100 ne, yadi irin wanda ake auna shadda da shi. Zango huɗu ake yi, kowane minti 15. Masu hari suna da yunƙuri huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sabunta musu huɗun. Tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo, wato tacdawun, maki 6 ne, sai ƙarin maki 1 na bugu ko 2 na sake tsallakawa. Buga ƙwallo tsakanin sanduna, wanda zan riƙa kira bugun sanda, maki 3 ne. Idan hari ya cije, yawanci a yunƙuri na huɗu sai a yi bugun sallama, a tura ƙwallo can nesa a bar wa abokan hamayya. Tun daga karɓar ƙwallo har zuwa rabuwa da ita, farmaki ɗaya ke nan. Mai jifan da ke jagorantar hari kuwa madugu zan ce masa. Wasan da aka tashi da ratar maki 8 ko ƙasa da haka shi ake lissafawa a matsayin na kusa, domin farmaki ɗaya kan iya goge ratar.

Mataki na farko: bari ta kwana, sannan ka ja layi

Kada ka yi hukunci a daren wasan. Mu da ke kallo daga Najeriya da Nijar ma abin ya zo mana da sauƙi, don manyan wasannin dare sai bayan sha biyu suke farawa a agogonmu, kafin a tashi ido ya yi ja, ba abin da mutum ke so sai filo. Da rana ka nemo abu uku: takardar alƙaluman wasan, jerin farmaki ɗaya bayan ɗaya, da bidiyon wasan cikakke. Biyun farko suna shafin tashar wasanni ta ESPN da shafin wasanni na kowace jami'a, kyauta. Guntayen bidiyon minti biyar da ake yaɗawa ba za su yi maka aikin ba, domin an yanka su ne don a burge ka.

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. Hannun dama rubuta "nata ne", hannun hagu rubuta "rabo ne". Duk abin da ka gano daga nan, sai ka yanke shawarar gefen da zai zauna.

Mataki na biyu: rufe sakamakon, dubi yadi

Sa yatsa ka rufe makin, ka tambayi kanka: da alƙaluman nan kaɗai aka ba ni, wa zan ce ya ci? A wasan Mizuri, Jojiya ta tara yadi 481, Mizuri 294. Wanda bai ga wasan ba zai rantse Jojiya ta yi wa Mizuri fintinkau. Wannan ita ce alamar farko cewa ƙarfin ƙungiyar yana nan, wani abu dabam ne ya matse wasan.

Jimillar yadi kaɗai tana iya yaudara, don haka raba ta da adadin yunƙuri. A ce wata ƙungiya ta ci yadi 420 a yunƙuri 84, ɗayar ta ci 390 a yunƙuri 60. Ta farko yadi 5 take ci duk yunƙuri, ta biyu 6.5. Ta biyun ce ta fi iya motsa ƙwallo, ta farkon dai ta fi daɗewa da ita a hannu, kamar ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai yawan taɓa-taɓa a tsakiyar fili ba tare da kai hari ba.

Akwai tarko ɗaya a alƙaluman jami'o'i da ya kamata ka sani. Idan aka kayar da madugu kafin ya yi jifa, yadin da aka yi asara daga lissafin gudu ake cire shi, alhali jifa aka yi niyya. A gasar ƙwararru ta NFL ba haka ake yi ba. Saboda haka sai ka ga an rubuta ƙungiya ta yi gudun yadi 90 kacal, ka ce masu gudunta ragwaye ne, nan kuwa sun ci 125, an kayar da madugu sau biyar an zabge 35. Mayar da waɗannan yadin ɓangaren jifa kafin ka yi lissafi. Haka ma durƙuson da madugu ke yi a ƙarshen wasa don cinye lokaci, fitar da shi gaba ɗaya.

Mataki na uku: a kai a kai ne, ko tsawa ɗaya?

Yanzu buɗe jerin yunƙuri ka yi ƙidaya da hannu. Ma'aunin da manazarta irin su Bill Connelly na ESPN ke amfani da shi mai sauƙi ne. Yunƙurin farko ya yi nasara in ya ci rabin yadin da ake bukata, wato 5 cikin 10. Na biyu sai ya ci kashi 70 cikin 100 na abin da ya rage. Na uku da na huɗu sai sun cinye duka. Yi alama a gaban duk wanda ya cika sharaɗi, ka raba da jimilla. Yi wa ƙungiyoyin biyu. Aikin zai ci maka kusan rabin awa, kuma a ganina duk cikin lissafin nan babu wanda ya kai shi faɗin gaskiya, saboda ƙungiyar da ke cin yadi biyar-biyar a yunƙurin farko ba sa'a take yi ba, ture mutane take yi.

Sannan ka zagaye duk yunƙurin da ya ci yadi 20 ko fiye. Cire manyan biyu na kowane ɓangare ka sake raba yadi da yunƙuri. Idan ƙungiyarka ta rufta da zarar an cire biyun nan, to da tsawa ta ci wasan. Ba laifi ba ne, akwai ƙungiyoyin da aka gina su a kan haka, amma sai ka koma bidiyo ka ga yadda tsawar ta faɗo. Mai karɓa ne ya tsere wa mai tsaronsa da gudu, ko mai tsaron ne santsi ya kwashe? Na farko nata ne. Na biyu rabo ne.

Mataki na huɗu: me aka kwaso da aka isa bakin gida?

A nan yawancin wasannin kusa suke ɓoye sirrinsu, don haka zauna da kyau. A jerin farmaki, ƙirga sau nawa kowace ƙungiya ta shiga yadi 40 na ƙarshe da sabon yunƙurin farko, ka raba makin da ta samu da wannan adadi. Talabijin ya fi son nuna na yadi 20 na ƙarshe, kuma yakan haɗa tacdawun da bugun sanda ya kira su duka "an ci". Kada ka yarda. Bakwai da uku ba ɗaya ba ne.

Dubi yadda makin Jojiya 26 ya taru a Mizuri: bugun sanda huɗu daga ƙafar Jack Podlesny, maki 12, sai tacdawun biyu, dukansu a zango na huɗu. Ma'ana har aka gama zango uku tana ta kai ƙwallo kusa da gida tana komowa da uku-uku. Da biyu daga cikin huɗun nan sun zama tacdawun, maki takwas ne ƙari, da ba wanda zai tuna da wasan. Matsalar Jojiya a daren ta ƙarasawa ce, kuma ita ce irin matsalar da koci kan iya gyarawa a atisayen mako guda, musamman in ƙungiyar ba ta saba da ita ba a wasannin baya.

Juya ka dubi Mizuri. Makinta 22 tacdawun ɗaya ne da bugun sanda biyar na Harrison Mevis, ciki har da na yadi 52 da na 56. Wannan ya gaya maka masu tsaron Jojiya sun yi aikinsu: sau ɗaya tak aka tsallaka musu layi duk daren. Bugun yadi 56 kuwa ba abin da mai tsaro zai iya yi a kai sai kallo.

Akwai yunƙuri ɗaya da nake so ka gani da idonka, a zango na biyu. Cody Schrader na Mizuri ya fasa tsakiya ya zura da gudu, yadi 63, fili fetal a gabansa. Malaki Starks na Jojiya, yaro ɗan shekarar farko a jami'a, ya biyo shi ta baya bai saduda ba, ya kayar da shi saura yadi ɗaya. Mizuri ta jeru za ta tura ƙwallon ciki, sai ɗan wasanta ya motsa kafin lokaci, alƙali ya jefa ƙyallen rawaya, alamar laifi, aka mayar da su baya yadi 5. Ƙarshenta bugun sanda suka yi. Maki 3 maimakon 7, bambancin huɗu, daidai ratar da aka tashi da ita. To a wane gefe za ka rubuta wannan? Ni raba shi nake yi. Gudun Starks na Jojiya ne, tarbiyya ce da ƙafa, gobe ma zai yi. Motsin ɗan Mizuri kyauta ce. Fasa tsakiyar da aka yi tun farko kuma laifin Jojiya ne, shi ma ka rubuta shi a dama da jan biro, don abin da yake naka ba alheri kaɗai ba ne.

Mataki na biyar: asarar ƙwallo

Ƙwallon wasan nan doguwa ce mai tsini biyu kamar aduwa. In ta faɗi ƙasa ba ta san mai ita ba, inda ta ga dama take tsalle. Shi ya sa idan aka tara wasanni da yawa, ƙwallon da ta suɓuce kusan raba-daidai ake yi tsakanin masu ita da abokan hamayya. Saboda haka kada ka tsaya a "an ƙwace sau nawa". Ƙirga sau nawa ta faɗi ƙasa gaba ɗaya, da wanda ya tsince ta. Ƙungiyar da ƙwallo ta faɗi sau biyar a wasanta ta tsince duka biyar, ta ci bashin sa'a, kuma ana biya. Suɓucewar kanta, wato riƙon sakainar kashi da ɗan wasa ke yi wa ƙwallo, wannan hali ne, a dama yake. Tsintuwar ce rabo.

Jojiya ta yi asarar ƙwallo sau biyu a rabin farko a Mizuri, duka ta suɓucewa, kuma duk da haka ta ci. Ƙungiyar da aka ƙwace wa ƙwallo fiye da yadda ta ƙwato, a gidan wasu, ta kuma fita da nasara, yawanci ta fi yadda allon ya nuna ta.

Kwatanta da wasan TCU da Mishigan ranar 31 ga Disamba, 2022, a Arizona. Sau biyu 'yan TCU, Bud Clark da Dee Winters, suka cafke jifan madugun Mishigan, J.J. McCarthy, suka ruga da ƙwallo har gida. Mishigan ta isa yadi biyu na ƙarshe a farmakinta na farko ta komo hannu rabbana, saboda wata dabarar yaudara da ta gwada a yunƙuri na huɗu ta watse. Daga baya aka soke mata tacdawun bayan duba bidiyo, aka ajiye ƙwallo a bakin layi, a yunƙuri na gaba ta suɓuce, TCU ta tsince. Duk da wannan garaɓasa, maki shida ne ratar. Ba ina rage wa TCU daraja ba ne, cafke jifa gwaninta ce, kuma duk lokacin da Mishigan ta matso sai madugun TCU Max Duggan da mutanensa su mayar da martani. Amma wanda ya ja layi a takardarsa a daren ya ga hannun hagu ya cika maƙil.

Idan an cafke jifan madugunka, kalli yadda aka yi. Jifa cikin mutum biyu da ido rufe laifinsa ne. Ƙwallon da ta daki hannun mai karɓa ta yi sama wani ya tsinta, wannan ƙaddara ce.

Mataki na shida: masu bugu, wurin farawa, da ƙyallen rawaya

Jerin farmaki yana nuna layin da kowane farmaki ya fara. Tara su ka fitar da matsakaici. Idan ƙungiyarka daga yadi 22 take farawa, abokan hamayya daga 35, to yadi 13 take bayarwa kyauta duk zuwa, kuma a farmaki goma sha biyu ya wuce tsawon fili guda. Nemo dalili: mai bugun sallama ne ba ƙafa, ko masu rufe fili ne ke sakaci?

Mai bugun sanda kuwa kada ka gina komai a kan daren guda. Mevis ɗin nan da ya zura biyar a ragar Jojiya, mako ɗaya kafin nan a gidan Auburn ya ɓarar da bugun yadi 26 wanda da ya shiga an tashi wasa. Aka tafi ƙarin lokaci, Nathaniel Peat na Mizuri ya miƙa hannu zai tsallakar da ƙwallo layi ta suɓuce masa, Auburn ta ci 17 da 14. Duk magoyin bayan Auburn da ya auna wannan nasara da gaskiya ya san tsuntsu ne daga sama gasasshe. Ƙarshen Oktoba aka sallami kocinsu Bryan Harsin, suka gama kaka da nasara 5, rashin nasara 7.

A laifuffuka, adadi bai kai iri muhimmanci ba. Motsi kafin lokaci, jeruwa ba daidai ba, mutum goma sha biyu a fili, waɗannan rashin natsuwa ne kuma suna bin ƙungiya mako zuwa mako. Duba kuma ko an kori wani saboda dukan kai. In a rabi na biyu aka kore shi, dokar jami'o'i ta hana shi buga rabin farko na wasa mai zuwa.

Mataki na bakwai: kalli bidiyon, ka ƙyale ƙwallon

Ido yana son bin ƙwallo, sai ka hana shi. Zaɓi farmaki uku, ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, ka zuba ido kan ƙarti biyar ɗin da ke katangar gaba. Da an saki ƙwallo ka ƙirga ɗaya, biyu, ka tsayar da hoton. Ina layin karo yake? In katangar ta tura masu tsaro gaba da yadi ɗaya ko biyu, hari na da lafiya ko da yunƙurin bai ci komai ba. In kuwa ka ga rigunan abokan hamayya sun riga sun kutso bayan layi, akwai ciwo, ko da mai gudu ya yi dabara ya kuɓuta.

A Mizuri za ka ga abu biyu mabambanta. A rabin farko masu tsaron gida suna ta ɓullowa a fuskar madugun Jojiya Stetson Bennett, masu gudun Jojiya ba sa samun ƙofa. A zango na huɗu hoton ya juye: Kenny McIntosh da Daijun Edwards kowanne ya tura ƙwallo gida daga yadi ɗaya, kuma da Jojiya ta karɓi ƙwallo na ƙarshe, da gudu ta cinye sauran lokacin, Mizuri ta san abin da ke zuwa amma ta kasa tarewa. Ƙungiyar da ke ƙara ƙarfi yayin da wasa ke tsufa tana da zurfin benci. Wadda ta tara maki da wuri sannan ta riƙa kallon agogo tana addu'a, ko sakamakonsu ya zo ɗaya, ba ajinsu ɗaya ba.

Mataki na takwas: da wa aka kara, kuma wa ya rage a tsaye?

Rata ɗaya a kan babbar ƙungiya ba abin kunya ba ne. A daren da TCU ta doke Mishigan, Jojiya ta ci Jami'ar Jihar Ohayo 42 da 41 a Atlanta, aka tashi daidai shigowar sabuwar shekara a can, wajen ƙarfe shida na safe a nan. Ba wanda zai sauke ta mataki saboda wannan. Amma takardarka ba ta san kunya ba. A hagu za ka rubuta cewa Marvin Harrison Jr., mai karɓa na Ohayo wanda ya addabi masu tsaron Jojiya, ya fita da rauni a ƙarshen zango na uku bai dawo ba, kuma bugun yadi 50 na ɗan Ohayo Noah Ruggles a daƙiƙun ƙarshe ya kauce. A dama da jan biro: madugun Ohayo C.J. Stroud ya jefa tacdawun huɗu, kuma a wasan Jojiya da ya gabata LSU, wato Jami'ar Jihar Luwiziyana, ta jefa sama da yadi 500. Abin da ya faru sau biyu a jere ya tashi daga tsautsayi ya zama hali. TCU ba ta iya cin moriyar wannan ɓaraka ba, amma ɓarakar tana nan.

Duba naka raunukan su ma. A wasan Mizuri, Jalen Carter, ƙaton da ya fi kowa a layin tsaron Jojiya, ya ji ciwo a gwiwa ya fita. Irin wannan ya fi ratar maki tasiri a makonni masu zuwa. Sai ka lura da wuri da lokaci: gida ko waje, dare ko rana, ruwa ko iska, da kuma ko akwai babban wasa a gaba wanda hankalin yara ya riga ya tafi can. Kada a manta ɗalibai ne, da yawansu ba su wuce shekara ashirin ba.

Mataki na tara: shawarar koci

Auna shawara da abin da koci ya sani lokacin da ya yanke ta, kada ka auna da yadda ta ƙare. A wasan Ohayo, Ohayo na gaba da 38 da 27 a zango na huɗu, 'yan Ohayo suka jeru kamar za su yi bugun sallama alhali gudu suka shirya. Kocin Jojiya Kirby Smart ya lura da jeruwar ba ta saba ba, ya nemi a tsayar da wasa daƙiƙa kafin a saki ƙwallo. Asiri ya tonu, dole suka yi bugun na gaskiya. Yunƙuri na gaba Bennett ya jefa wa Arian Smith tacdawun na yadi 76, mai tsaronsa ya zame ya faɗi. Ka ga abu biyu a jere, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Na TCU a gidan Baylor ya fi wuyar yankewa. Ba su da sauran damar tsayar da agogo, suka yi gudu da ƙwallo a yunƙuri na uku, masu bugu suka rugo fili a guje agogo na tafiya, Griffin Kell ya zura daga yadi 40 lokaci na cika. Kocin TCU Sonny Dykes ya ce abu ne da suke atisayensa, kuma yadda suka jeru ba ruɗewa ya nuna haka. Na ba su makin shiri. Amma ƙungiyar da take neman kambu, me ya kai ta ga rataya kakarta a kan wannan tun farko?

Mataki na goma: jera wasan cikin 'yan uwansa

Wasa ɗaya ba ya isa shaida, kaka kuwa wasa 12 ce kawai kafin na kofuna. Ƙirga wasannin kusa nawa ƙungiyar ta buga bana, nawa ta ci. Madugu nagari da koci mai natsuwa suna ƙara ɗan nauyi a sikeli, amma ba wanda ke cinye irin waɗannan wasanni har abada. Jami'ar Jihar Fulorida ta shiga wasan kusa da na ƙarshe a kakar 2014 da nasara 13 ba faɗuwa, da yawa cikinsu da ƙyar, har kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyin da za su fafata neman kambu ya ajiye ta ta uku a bayan Alabama da Oregon masu faɗuwa ɗai-ɗai. Magoya baya suka yi ta ƙorafi. Oregon ta lallasa ta 59 da 20. TCU ta tashi daga nasara 13 a 2022 zuwa 5 a 2023, kodayake tafiyar Duggan da Quentin Johnston da wasu manyan 'yan wasa tana cikin dalilan. Ta ɗaya gefen kuma akwai Nebraska ta 2021, wadda ta ci 3 ta faɗi 9, kuma duk taran ba wanda ratarsa ta kai maki 10. Duk wanda ya sha da ƙyar a hannunta a shekarar bai kamata a yi masa dariya ba.

Daga nan sai ka koma takardarka ka ɗebo abu uku kacal daga hannun dama waɗanda za ka sa wa ido a wasa na gaba, ka rubuta su yadda za a iya cewa e ko a'a. Na Jojiya bayan Mizuri za su kasance kamar haka: shin za ta mayar da zuwa bakin gida tacdawun maimakon bugun sanda, shin katangar gaba za ta buɗe wa masu gudu ƙofa, shin za ta fara wasa da wuri ko sai an tashe ta daga barci. Ranar 8 ga Oktoba Auburn ta zo mata gida. Aka tashi 42 da 10, Jojiya ta ci tacdawun shida, dukansu da gudu, ba bugun sanda ko ɗaya a cikin makinta. Biyun farko sun samu e. Na ukun kuwa a'a ne, don har aka gama zangon farko ba wanda ya ci ko maki ɗaya, sai ka sake kwafe shi a sabuwar takarda ta mako mai zuwa.